Yadda Baba Ya Yi wa Adda Jarrabawa

A gidanmu na unguwar Lokuwa, Turanci ta bakin turmi ya shigo. Shekarar da yayata take shirin jarrabawar shiga kwalejin horon malamai mata karo na biyu, babu abin da ke tsakar gidan nan da bai sami sunan Turanci ba, tun daga taɓarya da mafici har gurguwar kazar da ke kwana a bayan randa. Mu a Mubi yaya mace Adda muke ce mata, uwa kuma Dada, don haka da waɗannan sunayen zan kira su a nan.

Adda ce 'yar fari, ni ke bi mata. Ita mai sanyi ce, ni kuwa tun ina goye aka san bakina ba ya rufuwa. Shekarar da ta gabata ta ci jarrabawar takarda lafiya lau, sai ta faɗi a ganawa, wato inda ake shigar da yarinya ɗaki ita kaɗai, manya su yi mata tambayoyi da Turanci. Ta fito ta ce mana ta amsa komai. Da sakamako ya zo, babu ita. Shekarunta kuma sun kai iyakar da ake ɗauka, wannan karon shi ne na ƙarshe. In ta sake faɗuwa, magana a gama take: za ta koma Belel wajen Goggo, ƙanwar Baba, ta taya ta cinikin busasshen kifi da kanwa a bakin iyaka. Goggo ba muguwa ba ce, tana ma ji da Adda. Amma yarinyar da tun tana aji biyu take tara yaran unguwa tana rubuta musu baƙaƙe da gawayi a jikin katanga, ka ce ta je ta zauna gaban kwandon kifi tana korar ƙuda? Ko sunan Belel aka ambata, sai ta bar abinci.

Malamin aji bakwai mutumin Michika ne, dogo, siriri, kullum da keke da farar riga mai gajeren hannu. A Hausarsa babu mace, kowa "shi" ne, kowa "ka" ne, har matar hedimasta. Muna yi masa dariya a bayan ido, amma Turancinsa ko Bature ya ji sai ya gyara zama. Shi ne ya hana Adda haddar jerin kalmomi.

"Bar wannan hadda," in ji shi. "Je gida. Duk aiki da hannu ka ya taɓa, faɗa shi da Turanci. Faɗa na jiya, faɗa na yanzu, faɗa na gobe. Ƙane ka zai taya ka, baki shi ya isa."

Ƙanen nan mai isasshen baki ni ce.

Haka muka shiga. In muna daka, Adda ta ce da Turanci jiya ta daka dawa, yanzu tana dakawa, gobe ma za ta daka. Ni kuma in tambaye ta wa ya daka, da me aka daka, me ya sa ba ni na daka ba. In mun je mayo, wato rafi, wanki, ta wanke zane a jiya da yau da gobe, mata suna kallonmu suna taɓe baki. A kasuwa kuwa sai ta tsaya gefe tana ba ni labarin mai tumatir ƙasa-ƙasa: ya fi na kusa da shi tsada, shi ne ya fi kowa rowa a layin. Wata rana mutumin ya lura ana kallonsa ana magana, ya ce wallahi in zaginsa muke yi bai yafe ba.

Dada ba ta hana mu ba, amma ba ta bar mu mun sha iska ba. Ran da tuwo ya yi gudaji, ta ɗaga malmala ta duba, ta ce, "Ai dole. Da Turanci aka tuƙa shi." Baba kuwa abin dariya yake ba shi. Ba a daɗe da yin ƙuri'ar nan ba, wadda aka tambayi mutanenmu ko Najeriya za su zauna ko Kamaru za su bi, sai yakan ce mu gode wa Allah da yadda ta kaya, da yanzu da Faransanci muke damun kunnensa, wanda ake yi ta hanci.

Kafin damina ta yi nisa, Adda ta zama abin tsoro. Har mafarki take yi da Turanci. Ni kaina na tsinci abin da ya sa na fi 'yan ajinmu ba tare da na yi niyya ba. Kowa ya ce bana kam an gama. Malam ne kaɗai bai saki jiki ba. Ya ce yarinyar da ta ci takarda bara ba rashin Turanci ne ya kayar da ita ba, akwai wani abu. Sai ya sa mu je makaranta wata Asabar da hantsi a gwada ganawar, shi ya zama mai tambaya, ni in zama mai kiran suna a bakin ƙofa.

Na kira, Adda ta zo. Ta tuɓe takalmi a waje. Ta shiga a sunkuye, ta durƙusa tun daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Ya nuna mata kujera ya ce ta zauna, ta zauna a ƙasa kusa da kujerar. Ya fara tambaya, tana amsawa, idonta a kan yatsun ƙafarta, murya kamar ta sauro. Ya tambaye ta a wane darasi ta fi ƙwarewa. Ta ce, da Turanci mai kyau wanda babu kuskure ko ɗaya a ciki, ita ba ta ƙware a komai ba, akwai waɗanda suka fi ta. Ya tambaye ta ko tana son zama malama. Ta ce duk abin da manya suka ga ya dace.

Malam ya ɗora hannu biyu a ka.

"Haka ka yi bara?"

"Haka na yi, Malam."

"Ka zauna a ƙasa?"

"Su manya ne, Malam."

Ni ban ga laifinta ba a lokacin. Abin da ta yi shi ne abin da kowace yarinyar kirki za ta yi a Mubi, shi ne ma abin da ake dukana kullum don ban iya ba. Amma Malam ya ce mutanen can malama suke nema, wadda za ta tsaya gaban aji ta buɗe baki na baya ya ji. Sun ga yarinya a ƙasa tana cewa ba ta iya komai ba, sai suka yarda da ita.

Aka sake gwadawa. Ta zauna a bakin kujera kamar akwai ƙaya a kai. Ya ce ta kalle shi, ta kalli aljihun rigarsa. Ya ce sama, ta kalli kunnensa. Da aka matsa mata, sai Turancin ya watse gaba ɗaya, na jiya ya shiga na gobe, hawaye ya biyo baya.

"Wannan ba aiki na rana ɗaya ba," in ji Malam. "Sai ka yi kullum, gaban mutum da ka fi jin kunya. In ka iya kallon shi, kowa ma ka iya. Wa ka fi jin kunya a duniya?"

Adda ta sunkuyar da kai. Ni na amsa mata, kamar yadda na saba.

"Baba!"

Harara ɗaya ta yi mini, na san zan sha faɗa in mun koma gida.

Sai na yi bayanin yadda gidanmu yake. Baba tela ne, rumfarsa na cikin kasuwa. Mutum ne mai wasa da dariya, ni har aljihunsa nake lalubawa in ɗauki goro. Amma tsakaninsa da Adda akwai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da. Ba ya kiran sunanta, ba ya yi mata magana kai tsaye, ba ya kallon fuskarta. Tana tsaye taku biyu daga inda yake, zai juyo wajena ya ce, "A gaya wa yarinyar nan ta kawo ruwa." Ita kuma in ta ji sallamarsa, sai ta sami abin yi a bayan ɗaki. Mutumin da zai kalli baƙo sau ɗaya ya yanka masa riga daidai wuyansa, kayan 'yarsa da tsohuwar rigarta yake aunawa, Dada ta miƙa masa, ya ƙara ɗan yatsa biyu ya ɗinka. Ba ƙiyayya ba ce. Kowa a gidan ya san ita ce ransa. Shi ne ya kai ta boko lokacin da 'yan'uwansa suke cewa ya haukace.

Malam ya zo bayan la'asar, ya jingina kekensa, suka zauna a zaure. Ni na kai ruwa na maƙale a bayan ƙyaure. Da ya gama bayani, Baba ya daɗe yana murza hularsa.

"Malam, ni ban san Turanci ba."

"Ba komai. Tambaya kaɗan ne, ƙarami zai koya maka."

"Ba nan take ba. A gidanmu ba a haka."

"Na sani, Baba. Mu ma a dutse, can Michika, muna da namu. Amma yarinya nan ya san Turanci ya fi duk wanda na koyar. Ido ne kawai ya rage. In ba a yi ba, kifi yana jiran shi a Belel."

Baba ya miƙe tare da Malam. Ya raka shi, ya dawo ya zauna a tabarma fuska a ɗaure. Dada, wadda ta fi shi tsananin kunyar Adda, tana tankaɗe. Ba ta kalle shi ba, da rariya ta yi maganar.

"Ran da aka kama hannun yarinya aka kai ta boko dai, ban ji an tsaya tambayar yadda ake yi a gidan ba."

Washegari da Baba zai fita kasuwa ya tsaya a kaina ina shara. Ya ce in na kai masa abincin rana, in zauna, akwai abin da zan koya masa.

Ban taɓa jin daɗin mulki irin na kwanakin nan ba. Ina zaune a kan buhun ƙyallaye, ubana yana taka keken ɗinki yana maimaita abin da na faɗa, in ya yi kuskure in ce a sake. Da muka zo kan "Wat iz yuwa nem," ya tambaye ni ma'anarsa. Na ce yana tambayar sunanta ne. Ya tsayar da keken.

"Ni na yanka ragon, ni na raɗa sunan. Yanzu kuma in tambaye ta?"

Na ce haka Turawa suke yi. Ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta musu. Maƙwabcinsa mai ɗinkin huluna ya leƙo ya tambaya ko aikin gwamnati Baba yake nema, Baba ya ce masa addu'ar ciwon baya ce.

Ranar farko aka rufe ƙofar zaure don kada maƙwabta su gani. Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ban san dalili ba, ya zauna a kujera a gindin mangwaro. Aka ajiye wata kujerar a gabansa. Da yake babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa, na riƙe faranti Adda ta buga. Ta taho da takalmi a ƙafa, tana tafiya kamar mai taka ƙwai, ta zauna. Baba ya yi gyaran murya ya jefa tambayar farko da ƙarfi, idonsa a kan reshen mangwaro. Adda ta amsa wa kazar da ke wucewa.

"Adda, ɗago!" na ce. "Baba, kai ma ai ba ka kallo!"

"Ke, ni ake yi wa jarrabawar?"

Daga madafa muka ji Dada tana wani tari wanda kowa ya san ba tari ba ne.

Haka aka yi ta yi kullum bayan la'asar. In ta ɗago, shi ya kau da kai. In ya daure ya kalla, ita ta sunkuya. Wata rana suka ɗago tare, idanu suka haɗu, kowa ya zabura kamar ya taɓa tukunya mai zafi, Adda ta ruga ɗaki, Baba ya tashi ya ce ya tuna bai rufe rumfa da kyau ba. Na fara jin haushinsu su duka. Ranar ganawa tana matsowa, Goggo har ta aiko da mai mota yana tambaya ko a gyara wa Adda ɗaki. Na shiga na sami Adda tana ninke kaya, na ce mata in dai haka za ta ci gaba, gara ta fara koyon Turancin kifi. Ta ɗauke ni da mari, karo na farko a rayuwarta. Ban yi kuka ba, don na ga idonta ya canza.

Da la'asar ɗin nan ta buga faranti har sai da hannuna ya girgiza. Ta zo ta zauna sosai, bayanta a jikin kujera, ta ɗago kai ta kafa wa Baba ido. Baba ya buɗe baki zai yi tambaya, ya kalle ta, sai bakin ya tsaya a buɗe. Turancin da na sha wahalar ɗura masa ya gudu. Ya daɗe yana kallonta, ita ma ba ta sauke ba. Can sai ya juyo wajena.

"Rigar nan ta yi mata kaɗan a kafaɗa. Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Na ce, "Baba, tambaya."

Ya tattaro hankalinsa ya yi su ɗaya bayan ɗaya, tana amsawa da murya har sai da Dada ta fito bakin madafa da muciya a hannu. Ya zo ta ƙarshe, wadda ta fi ba shi wuya a baki, wato me ya sa take son zama malama. Amsar da muka shirya gajeriya ce. Adda ta bar ta. Ta kama wata magana doguwa, tana kallon tsakiyar idonsa. Ban gane duka ba, amma na gane mafi yawa. Ta ce tana da shekara bakwai mahaifinta ya kama hannunta ya ratsa kasuwa da ita zuwa makaranta, mutane suna yi masa dariya, bai saki hannun ba. Ta ce tun daga ranar bai sake riƙe hannunta ba, kuma ba ta taɓa gode masa ba, don babu hanyar yi. Ta ce tana so ta zama malama don kada dariyar nan ta zama gaskiya. Na jiya yana wurinsa, na gobe yana wurinsa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ranar nan na ji son yayata ya cika mini ƙirji har na rasa inda zan sa kaina.

Baba bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya juyo ya ce, "Me ta ce?"

Na buɗe baki, Adda ta yi mini kallon da na gane. Na ce, "Ta ce tana son koyarwa."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Haka Turanci yake, Baba."

Ya kalle ni, sannan ya ce to, a gaya mata ta ci.

Ranar ganawa ta tafi da sabuwar riga wadda ta zauna mata daidai. Da ta dawo muka rufe ta da tambaya. Ta ce wata Baturiya ce da wani malami mai tabarau, ta zauna a kujerarsu, ta kalle su, ta gaya musu ita ce ta ɗaya a lissafi da Turanci. Dada ta riƙe baki ta ce, "Da bakinki?" Adda ta ce ai bayan Baba, waɗannan ba su kai a ji kunyarsu ba.

Labarin ya zo ne da ƙararrawar keke. Tun daga kan kwana Malam yake kaɗa ta yana ihu, "Ya ci! Yarinya ya ci!" Mata suka fito suna guɗa. Na ruga kasuwa ba ko mayafi. Baba yana kan ɗinki, na faɗa masa ina haki. Ƙafarsa ba ta tsaya ba, ya ce, "To, madalla," kamar na ce masa an kawo ruwa. Uba ba ya murnar ɗan fari a gaban mutane. Sai dai na ga ya bi layi ɗaya ya ɗinke aljihun rigar mutane ruf.

Daga ranar kowa ya koma wurinsa. Aka mayar da kujeru ɗaki, aka buɗe ƙofar zaure, Baba ya koma "a gaya wa yarinyar nan," Adda ta koma bayan ɗaki in ta ji sallama. Na yi ƙorafi, Dada ta ce in rufe mata baki, jarrabawa ce kuma an gama.

Ran da za ta tafi kwaleji, da safe, akwatinta yana kaina, Dada ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Baba ba zai raka ta tasha ba, ba a yi. Yana zaune a zaure da carbi. Adda ta tuɓe takalmi, ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa, ta yi masa sallama da 'yar muryar nan tata ta da. Na gyara tsayuwa ina jiran ya ba ni saƙon da zan miƙa mata. Bai ko dubi inda nake ba.

"Ɗago kai," in ji shi.

Adda ba ta motsa ba. Ta ce, "Baba, ai jarrabawa ta wuce."

"Na sani. Ɗago dai."